Sara Saba'in da Huɗu a Bangon Gidan Gishiri

Matakalar da ke sauka daga titi zuwa ruwa hawa talatin da ɗaya ce, duk ta dutse, kuma a kan hawa na sha tara naƙuda ta kama mahaifiyar Gwaggo Mai Banda, da kwandon tarwaɗa a kanta. Mata huɗu suka cicciɓe ta suka shige da ita Gidan Gishiri, suka shimfiɗa mata buhu a bayan murhu na uku. Shi ya sa duk wanda ya tambayi Gwaggo 'yar wace unguwa ce, sai ta ce ita 'yar murhu na uku ce. Yau shekara sittin da uku ke nan, kuma har gobe a wannan murhun take yin bandar kifinta.

Gidan Gishiri dai suna ne kawai ya rage masa. Fatake ne suka gina shi tun zamanin da manyan jiragen kaya ke hawowa kogin, suna sauke gishiri suna ɗaukar fata da busasshen kifi. Ginin dutse ne a kan wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, da ya kutsa cikin ruwa, tsawonsa taku ashirin da huɗu, faɗinsa tara, taga biyar suna kallon kogi, ƙofa ɗaya tana kallon matakala. Da aka yi gada, motoci suka ƙwace kayan, jiragen suka daina zuwa, fataken suka rufe ƙofa suka tafi. Matan masunta ba su jira izinin kowa ba, suka shiga da laka da tsofaffin ganguna suka gina murhu. Yanzu murhu goma sha biyu ne, mata sha tara. Wato kullum akwai mutum bakwai da ke jiran a sauke su ɗora.

Kafin a yi gada gine-gine bakwai ne a jere a wannan gaɓar. Akwai rumfar masu fito, da ofishin jiragen ruwa mai bene, da ma'aunar kifi, da shagon masu saƙar taru, da rumfar masu sassaƙa kwalekwale, da gidan ƙanƙara, sai Gidan Gishiri. Gada ta kashe rumfar fito cikin wata uku. Ofishin jirage gara ta cinye benensa. Masu saƙa suka watse da tarun roba ya shigo kasuwa. Gidan ƙanƙara kuwa kogi ne ya haɗiye shi da hantsi ɗaya, da injinsa da komai, tana 'yar shekara sha huɗu, tana tsaye a hawa na huɗu tana kallo. Sauran biyun aka rushe aka yi wurin wankin mota. A idonta kwalekwale ɗari da arba'in suka koma hamsin da biyu. Giwan ruwan da sai ƙarti huɗu ke ɗauka, rabonta da ganin irinsa shekara sha takwas. Amma tarwaɗa da karfasa da ƙurungu ba su yi fushi ba, suna nan suna fitowa, kuma da su ta ciyar da 'ya'ya biyar bayan mijinta ya rasu.

A bangon da ke fuskantar kogi akwai wani abu da baƙo ba ya lura da shi. Duk shekara, ranar da ruwa ya kai iyakar cikarsa ya fara ja da baya, yakan bar layin kumfa da ciyayi a jikin dutse. A ranar ake shiga kwalekwale da ƙatuwar ƙusa da guduma, a yi sara ɗaya daidai wannan layin, tsawon yatsa. Baɗi a matsa taƙi ɗaya, wato faɗin buɗaɗɗen hannu, zuwa dama a yi wani. Kakan Gwaggo ne ya fara daga kusurwar hagu. Ba don ado yake yi ba. Shekarar da ruwa ya hau sosai yakan malala cikin fadama, kifi ya samu wurin ƙwai, da rani a rasa inda za a zuba shi. Shekarar da saran ya yi ƙasa, mai hankali ba ya sayen itace da yawa, ba ya ɗinka sabon taru. Da wannan bangon masunta ke sanin shekararsu tun ba ta zo ba.

Kaka ya yi ashirin da ɗaya. Baba ya yi talatin, idonsa ya tafi. Ɗansa namiji ɗaya tilo yana can yana tuƙa tirela, ba a ganinsa sai shekara-shekara. Ranar da kumfa ta kwanta a bango babu mai sara, Gwaggo ta ɗaura zane a ƙugu ta ɗauki ƙusar ta shiga kwalekwale. Maza suka yi ta guna-guni wai ba aikin mace ba ne. Ta ce wanda ya san aikinsa ne ya zo ya karɓa. Ba wanda ya zo. Ashirin da uku na ƙarshe na zamaninta ne. Duka saba'in da huɗu, saura wurin shekara goma sha shida bango ya ƙare.

Sai dai masu karanta bangon sun yi ta raguwa. Samarin masunta na yanzu inji gare su da waya, in suna son labarin ruwa sai su kunna rediyo. Ita kaɗai ke zagayawa ta duba kafin ta yi maganar itace.

Ƙanen nan nata mai tirela ya dawo gida da bayansa ya gaji, ya sayi kwalekwale biyu, kuma da yake ya fi kowa baki, masunta suka zaɓe shi shugaban ƙungiya. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Ciyaman, har matarsa. Shi ne ya tsaya a ƙofar Gidan Gishiri wata ranar Litinin da rani, ya karanta wa matan takarda. Hukuma za ta yi tudun tare ambaliya tun daga gindin gada har ƙarshen gari. Duk ginin da ke cikin taku talatin daga gaɓa za a rushe shi, sai wanda injiniya ta duba ta ce ya tsaya. Za ta zo nan da kwana goma. Masu sana'ar da abin ya shafa za a ba su rumfa a bayan tashar mota.

"Bayan tasha?" in ji mai murhu na huɗu, maƙwabciyar Gwaggo ta shekara talatin. "Kilomita huɗu daga ruwa? Kafin kifi ya kai ai ya fara gaisuwa da ƙuda."

"Kuma an rubuta ba a hura wuta a can," in ji Ciyaman, murya ƙasa-ƙasa.

Matan suka koma bakin murhunsu. Mai banda in an hana ta wuta an sallame ta ke nan, su sha tara, da bakunan da ke bayansu.

Washegari aka kira Gwaggo a waya, autarta ta haihu a wani gari, kuma haihuwar ta zo da wuya. Ta damƙa wa mai murhu na huɗu kifinta ta hau mota. Kwana biyar ta yi. Ran na shida da azahar ta sauka a bakin titi da jakarta, ta biyo ta gefen gada don ta rage hanya, ta ɗaga kai, sai ta tsaya cak.

Bangon kogi fari fat. An shafe shi da siminti tun daga fa har ƙarƙashin rufi, an bi da fenti, tagogin an zagaye su da shuɗi. Ciyaman na tsaye a ƙasa ya riƙe ƙugu, yana kallonsa kamar shi ya haife shi.

"Yaya, sannu da hanya! Ya mai jego? Kin ga aiki ko? Siminti buhu sha ɗaya, fenti bokiti uku, kwana biyu da rabi."

"Ina saran Baba?"

"Yana ciki mana. Ba inda ya je."

"Na ce ina saran Baba."

"Yaya, ki tsaya ki ji. Matar nan mai karatu ce, daga birni za ta zo. Ta iso ta ga bango baƙi ƙirin, duk zane-zane kamar kaza ta yi tono, cewa za ta yi ya tsattsage. Mun zauna mu goma sha biyu na ƙungiya, kowa ya yarda. Ma'aikacin hukuma da ido yake aiki. In ya ga fenti hankalinsa ya kwanta."

"Ku goma sha biyu, ba wanda ya ce a jira ni?"

"Ai kwana ya ƙure."

"Ɗan autan Baba, kai da ka yi shekara ashirin kana kallon kwalta, yaushe ka san bango?"

Ta wuce shi ta shiga ciki. Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Amma ba ta taɓa shafen ba, don a can ƙasan ranta tana cewa ƙila shi ke da gaskiya. Ita ba ta taɓa shiga ofis ba. Wa ya sani, ƙila fentin suke so. In rufe hannun Baba zai bar wa mata sha tara wutarsu, to a rufe. Haka take faɗa wa kanta tana juya kifi, tana ɗora wa hayaƙi laifin hawayen.

Injiniya ta iso ran Alhamis ƙarfe goma da rabi, da dogayen takalma da littafi a hammata, da ma'aikata biyu masu ɗauke da na'urar awo mai ƙafa uku. Ba za ta girmi autar Gwaggo ba. Masunta sun jeru a matakala cikin wankakkun kaya. Ciyaman ya fara jawabin da ya kwana uku yana haddacewa. Ta saurare shi minti biyu, ta ce ta gode, ta gangara kan fa. Ta ƙwanƙwasa bangon da makullin mota a wuri huɗu, ta shafa shi da yatsa. Ta juyo wajen Ciyaman.

"Baba, yaushe aka yi wannan shafen?"

"Tun bara, ranki ya daɗe."

Ta nuna masa yatsan, fari tas. "Fentin bara ne har yanzu bai bushe ba?"

Wani ya yi tari a baya. Ciyaman ya gyara hula.

"Ni dutse na zo gani," in ji ta. "In ga yadda ya zauna a kan fa, in ga ko ruwa ya ci gindinsa. Bangon da aka rufe min ba zan sa masa hannu ba. Kuma in na rubuta ban gani ba, kun san abin da zai biyo baya." Ta buɗe littafin. "To ku faɗa min, in kogin nan ya cika, ina yake kaiwa?"

Nan aka shiga gasa. Ɗaya ya ce ƙugun mutum. Ɗaya ya ce ƙirji. Wani ya rantse ya ga ruwa a taga. Wani ya ce shi ya taɓa ɗaure kwalekwale a rufi, kuma shi wannan bai taɓa faɗin girman kifin da ya kama daidai ba. Mutum bakwai, amsa bakwai. Injiniya ta rufe littafin ba ta rubuta ko ɗaya ba.

Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa da wuƙar gyaran kifi a hannu. Ta ga an rufe littafin ba a rubuta komai ba. Ta sauko.

"'Yata, na wace shekara kike so?"

Injiniya ta juyo. "Mama, ban gane ba."

"Ruwan. Na bara kike so, ko na shekarar da aka yi gada, ko na shekarar da gidan ƙanƙara ya tafi? Akwai na shekara saba'in da huɗu. Kowace da saranta a jikin dutse."

"A ina?"

Gwaggo ta nuna farin bangon da bakin wuƙa. Ta bayyana mata kumfa da ƙusa da taƙi, a gajarce, kamar mai ba da saƙo. Injiniya ta kalli bangon, ta kalli Ciyaman, ta sake kallon bangon.

"Kun san awon da muke da shi a gada na shekara nawa ne? Goma sha biyu. Wanda bai san iyakar ruwa ba dole ya yi wa kansa ƙari. Shi ya sa aka zana tudu mai tsawo, kuma tsawon tudu shi ke kawo faɗin gindinsa, faɗin kuma shi ke cin ginin nan. Saba'in da huɗu kuka rufe da siminti?"



"In an fasa da guduma za a fasa har da saran," in ji Injiniya. "Siminti in ya kama dutse ba ya sakinsa da arziki."

Sai ga wani mutum ya fito daga bayan taro yana sosa ƙeya. Maginin da ya yi shafen ne, wanda tun isowar motar yake ɓoye bayan kwalekwale.

"Ranki ya daɗe, a yi min afuwa, bai kama ba."

"Kamar yaya?"

"Ciyaman ya ce kwana biyu yake so. Ban wanke bangon ba, ban karce fuskarsa ba. A kan gansakuka da maiƙon hayaƙi na shafa. Wallahi ko akuya ta goga jikinta zai zubo. Ni tun da na gama ban bi ta nan ba don kunya."

"Amma ka ce min zai yi shekara talatin!" in ji Ciyaman.

"Ka tambaye ni a gaban mutane ne, Ciyaman."

Gwaggo ta dafa kafaɗar maginin. "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka da wannan aikin banza."

Injiniya ta danne dariyarta ta duba agogo. Za ta je awo a kwazazzabon da ke sama da gari, ta dawo ƙarfe uku. Ƙarfe huɗu motarsu za ta tashi, kuma abin da ke littafinta a lokacin shi za ta kai.

Ƙarfe sha ɗaya saura kaɗan aka fara. Gwaggo ta hana guduma, ta hana diga. Ta kira matan suka fito da wuƙaƙensu, kowa ta rage wutarta. Magini ya zura bakin cokalinsa ta kusurwar hagu ya ɗan banƙara, sai ga ɓawon siminti kamar faɗin ƙofa ya saki ya faɗo kan fa ya tarwatse. Dutse ya fito baƙi kamar yadda yake. Abin mamaki, simintin da ya shiga cikin saran shi bai fito ba, ya zauna a ciki, sai kowane sara ya fito fari-fari a kan baƙi. Gwaggo ba ta taɓa ganinsu ƙarara haka ba, ko da idonta na ƙuruciya.

"Ɗaya," ta ce. "Na Kaka ne. Ku bi a hankali, ba ɓawon karfasa kuke kankarewa ba."

Maza suka kawo benci biyu da ganguna huɗu da tsani ɗaya. Mata na ɓamɓara, maza na kwashewa. Ciyaman ya tuɓe wankakkiyar rigarsa ya ɗauki kwando ba tare da an sa shi ba, kuma duk sawun da ya yi sai mai murhu na huɗu ta ce masa, "Sannu da kwasar buhu sha ɗaya." Gwaggo na bin bangon da tafin hannu, taƙi bayan taƙi, tana ƙirga da ƙarfi. Da azahar suna da talatin da ɗaya, a warwatse. Ƙarfe biyu sun kai sittin da shida. Uku na shekarun fari sun yi ƙasa har sai da aka tone yashi aka same su. Ƙarfe biyu da rabi an ɓare bangon har iyakar inda mai tsayuwa a kan ganga ke kaiwa, ta ƙirga daga hagu, ta ƙirga daga dama. Saba'in da uku.

"Saura ɗaya," in ji ta.

"Yaya, ɗaya cikin saba'in da huɗu ai ba komai."

"Ga ashirin da huɗu, ga ashirin da shida. Wanda ke tsakani shi ne na shekarar gidan ƙanƙara. Shi ya fi duka. In babu shi sauran hira ne, matar nan iyaka take nema."

Suka duba taƙin sama da ƙasa, ba komai sai dutse. Wata ta ce ƙila a wannan shekarar Baba bai sara ba saboda tashin hankali. Gwaggo ta rufe ido. Ta ga ruwa ja yana gudu da kwanon rufi da gawar tunkiya. Ta ga mutum uku sun riƙe igiyar kwalekwale daga matakala, Baba a tsaye a ciki, ƙusa a baki, hannunsa na hagu riƙe da ƙarfe. Wane ƙarfe? Bangon nan ba shi da ƙarfe sai na taga.

"Ku hau sama! Ƙarƙashin taga ta biyu."

Magini ya hau tsani, maza biyu suka riƙe masa. Ya ɓamɓare shuɗin fentin da simintin da ke bayansa, ya hure ƙurar. Ya shafa wurin da yatsa.

"Gwaggo, ga shi. Yatsa uku ƙasa da bakin taga. Ya ɗan karkace."

"Da hannu ɗaya ya riƙe kansa, ba dole ya karkace ba?" Ta zauna a kan ganga. Uku saura minti goma.

Injiniya ta dawo takalmanta duk laka. Ta tsaya a kan fa ta bi bangon da ido daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta duƙa ta duba inda dutse ya haɗu da fa, ta zura wuƙa ba ta shiga ba. Ta sa aka kafa na'ura. Ba ta fara da na Kaka ba, da na ƙarshe ta fara, goma sha biyun da take da irinsu a littafi. Ma'aikaci na faɗin awo, ita tana dubawa. Ɗaya ya yi daidai. Biyu ya yi. Bambancin bai wuce yatsa biyu ba. Har goma sha ɗaya.

"Wannan fa, Mama? Na shekara bakwai da suka wuce. Ya hau da tafin hannu guda."

Gwaggo ta matso ta duba. "Shekarar da na karye a hannu ke nan. Ciyaman ne ya sara."

Dariyar da aka yi har masu wankin mota sai da suka leƙo.

"Kwalekwalen ne ke rawa," in ji Ciyaman.

"Ni a kan kujera nake yin nawa?"

Aka auna sauran ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki hoton kowane. Ƙarfe huɗu ta yi, direba ya danna ham sau uku, Injiniya ba ta ko waiwaya ba. Biyar saura kwata ta rufe littafi.

"Mama, ba ni ke yankewa ba, amma ni ke rubutawa. Ruwan da ya fi kowane a shekara saba'in da huɗu bai shiga tagar nan ba, kuma tudun da aka zana ya fi rufinku tsawo. Zan faɗa musu haka. Sauran sai abin da suka ce." Ta juya wajen Ciyaman. "Baba, don Allah kada a ƙara yi wa bangon nan kwalliya."

Daga nan sai jira. Gwaggo ta iya jiran ruwa, ta iya jiran kifi ya bushe, amma jiran takarda sabon abu ne a wurinta. Abinci ya daina shiga. Barci ya zama na kaza, ta rufe ido ta buɗe. Ta ƙona kifi sau biyu, abin da ba ta yi ba tun tana amarya. Labari kuwa kullum da irinsa. Mutum uku suka ce sun ji daga majiya mai ƙarfi za a rushe. Biyu suka ce an fasa aikin gaba ɗaya. Ɗaya ya ce an canza wa Injiniya wurin aiki, littafin ya tafi da ita. Mata biyu suka je suka duba rumfunan bayan tasha a ɓoye, suka dawo ba su ce komai ba. Kwana ashirin da shida aka yi a haka.

Ran na ashirin da bakwai da hantsi wata mota ta tsaya a gindin gada, aka sauke turaku da igiya. Ma'aikata biyar, babu Injiniya a cikinsu. Suka fara kafawa suna biyo gaɓa. Gwaggo ta bar murhu ta bi su a baya, tana ƙirgawa. Goma. Talatin. Igiyar na tahowa kai tsaye wajen Gidan Gishiri. Hamsin da takwas ya wuce wurin wankin mota. Na hamsin da tara aka kafa shi a jikin kusurwar ginin, ta ɓangaren ruwa. Sai mai igiya ya naɗe igiyarsa, ya zagaya ta kan fa, ya wuce tagogi biyar, ya je ɗaya kusurwar ya kafa na sittin.

Ta sha gaban shugabansu, wani mai furfura da takarda a naɗe.

"Malam, kun tsallake nan."

"Ba tsallakewa muka yi ba, Mama. Nan ai akwai katanga. An fasa tudu a wannan yankin, katangar dutse za a yi, siririya. Ta kama wannan kusurwa, ta tashi daga waccan. Ginin na cikin aikin."

"Ba za a rushe ba?"

"Mu rushe abin da za mu jingina da shi?"

"Matan da ke ciki fa? Da wutarsu?"

Ya warware takardar ya bi ta da yatsa har ƙasa. "Ba a ce a taɓa kowa ba."

Ta sa ya maimaita. Ya maimaita. Ta sake sa shi, ya ce, "Mama, ko sau goma na faɗa haka take." Ta yi masa godiya har da durƙuso, ya ruɗe yana cewa ta tashi.

Da ta shiga ciki matan duk sun bar aiki suna kallonta. Ta ce, "Muna nan." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ihu ya tashi, wata ta rungume wadda suka yi wata biyu ba sa magana, wata ta kifar da kwando ba ta kula ba. Gwaggo ta zauna a ƙasa, ta jingina da tarin itace, ta ce wa mai murhu na huɗu ta tashe ta in kifi ya isa juyi. Kafin waccan ta amsa, kanta ya riga ya langaɓe.

Can sai ga Ciyaman a guje, hula a hannu, tun daga titi yake ɗaga murya. "Jama'a, kun ji? Ai na faɗa muku! Da ba mu yi shafen nan ba, da matar nan ba ta tsaya ta..."

Mai murhu na huɗu ta tare shi a ƙofa da muciyar juya kifi. "Rage murya. Yayarka na barci."

Ya leƙa ya gan ta, baki a ɗan buɗe, zane duk toka. Ya tsaya yana kallonta ya fi minti guda.

"Kifinta fa?" ya ce a hankali.

"Mun juya."

Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe, ya lallaɓa ya sa mata tsakanin kai da itace, ya fita a kan yatsun ƙafa. Daga sha ɗaya har ƙarfe huɗu Gwaggo ba ta motsa ba. Awa biyar cur mata sha takwas suka yi suna aiki da raɗa, kuma duk wanda aka ba wannan labarin a garin, a nan ne yake cewa an fara ƙarin gishiri.